Tambaya da Amsa: Tsara ƙasar ƙauye tun gini bai riga tsari ba

Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan ƙasa suke: gonakin bakin gari da ake yankawa, burtalin da aka cinye, kasuwar da aka dasa a gonar marayu. Masu amsawa su ne safiyo, da jami'in tsara garuruwa, da lauya mai aikin filaye, da malamin dabbobi. An taƙaita wasiƙun, an kuma cire sunayen masu su.

Tambaya: Ni dagaci ne a Jihar Katsina. Garinmu yana bakin titi, kuma cikin 'yan shekarun nan gonakin da ke kewaye da shi sun koma fulotai. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka, a sayar, ni sai dai a kawo mini takarda in sa hannu. Wani lungun ko amalanke ba ta shiga. Wa doka ta ba ikon tsawatawa, ni ne, ko hakimi, ko ƙaramar hukuma, ko gwamna?

Amsa: Ranka ya daɗe, in garinku bai faɗa cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni ba, to ƙaramar hukuma ce mai wuƙa da nama. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ta ɗora duk ƙasar jiha amana a wuyan gwamna, sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya killace ta yadda ba a taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. Dokar ta raba kulawa gida biyu. Ƙasar birni gwamna ke kula da ita kai tsaye. Gonaki da dazuzzuka da ƙauyuka kuwa suna hannun ƙaramar hukuma, ita ke ba da takardar haƙƙin zama ta gargajiya don noma ko gida ko kiwo. An yi mata linzami: ba ta ba da fiye da hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. Shi kuma gwamna yana da ikon ba da nasa satifiket ɗin ko a karkara ne. Dokar ta ce kowace ƙaramar hukuma ta zama tana da kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa. A wurare da yawa ko dai ba a kafa shi ba, ko an kafa ya kwanta barci, kuma daga nan ɓarakar take farawa.

Abin da za ku fara yi shi ne a je ma'aikatar ƙasa ta jiha a tabbatar da matsayin garin. Jihohi da dama sun shata wasu kilomitoci kewaye da hedkwatocin ƙananan hukumomi sun ce nan birni ne. In kuna ciki, hukumar tsara birane ta jiha za ku kai wa kuka, takardar ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfi a wurin.

Game da kai kuwa, dokar ba ta ba dagaci ko hakimi ikon raba ƙasa ba. Sa hannunka shaida ce cewa ka san mai gona, ka san iyakarsa. Amma kada a raina wannan shaida, domin babu mai hankalin da zai zuba kuɗinsa a filin da dagaci ya ƙi sa wa hannu. Doka ma tana bayanka. Sashe na 36 na Dokar Amfani da Ƙasa ya hana a yanka gonar karkara da mutum yake riƙe da ita tun kafin dokar a mai da ita fulotai, sashe na 21 kuma ya ce ba a sayar da haƙƙin gargajiya ko a jinginar da shi sai da amincewar ƙaramar hukuma. Kowa ya san kullum ana ciniki ba mai waiwayar waɗannan sassa, amma suna nan, kuma su ne hujjarka ranar da ka ce a dakata.

Shawararmu ita ce ku daidaita baki da hakimi da masu unguwanni: daga yau ba a sa hannu a takardar fuloti sai an kawo zanen gonar gaba ɗayanta, an nuna hanyoyin da aka bari, kuma hanyoyin sun haɗu da na gonar maƙwabci. Mafi munin abin da awon igiya ke haifarwa shi ne kowane mai gona ya bar ɗan lungunsa inda ya ga dama, sai lungun ya je ya ƙare a bangon wani. Sannan ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun hakimi kana neman a tsara bakin garin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Tambaya: Ni kansila ne. A mazaɓata akwai babban ƙauye mai mutum kusan 3,000. Ina son in kai wa majalisa ƙudurin a tsara shi, amma an ce mini wannan aikin manyan kamfanoni ne da miliyoyin kuɗi. Akwai hanyar da ƙaramar hukuma za ta yi shi da abin hannunta?

Amsa: Mai girma kansila, akwai. Tsarin ƙauye irin wannan bai wuce taswira ɗaya, da 'yan shafukan ƙa'idoji, da turakun siminti a ƙasa ba. Kuɗin da ba makawa a kashe su ne na safiyo mai rajista da na turakun. Sauran aikin ƙafa ne da zama da mutane.

Ta fuskar doka, Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya riga ya ba ku maƙabarta, kasuwa, tasha, mahauta, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu fili yake ci. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta sa tsarin yankin karkara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Saboda haka dokar jiharku ce za ta faɗi wanda zai sa wa tsarin hannu na ƙarshe. A shigo da ofishin tsara gari na shiyyarku tun ranar farko, kada a gama aiki sannan a je neman albarkarsu.

Lokacin aiki yana da muhimmanci. Awo bayan kaka ake yinsa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da gona take fili ana ganin iyaka. Amma a daidai wannan lokaci ne matasa da magidanta da yawa suke ci-rani, kuma duk wanda aka yanke hukunci a kan gonarsa ba ya nan, ranar da ya dawo zai tuge turken. A yi babban taron gari kafin su tafi, ko a haɗa shi da Sallah. Mata masu gonar gado a neme su daban, ta hannun wadda suka yarda da ita, domin a zauren dagaci 'yan'uwansu maza ne za su yi magana da yawunsu, kuma ba kullum bakin ke zama ɗaya ba.

Matakin farko shi ne a zana abin da ke ƙasa yau. A buga hoton garin na tauraron ɗan'adam daga Google Earth a babbar takarda, a shimfiɗa a tabarma, dattawa su nuna: nan hurumin gari, nan tsohuwar maƙabarta, nan burtali, nan mashaya, nan fadama, nan fako da ba ya fid da komai, nan masussuka. Daga nan a fita a taka da ƙafa, sarkin noma da arɗo da mai unguwa suna tare, ana ɗaukar lambobin wuri da waya. A sani na'urar nuna wuri ta waya tana iya kaucewa da mita 3 zuwa 5. Ta isa zanen farko, ba ta isa raba iyakar gona biyu ba. Wannan na safiyo ne.

Akwai tafiya ɗaya da ba ta jiran rani. Washegarin babban ruwan Agusta a zaga gari a ga inda ruwa ya bi da inda ya kwanta. Zai bar alamarsa: layin yayi da kara a jikin bango, laka a gindin bishiya. A shafa fenti a wurin. A tambayi tsofaffi inda ruwa ya tsaya a shekarar da ambaliya ta fi muni. Duk abin da ke ƙasa da wannan layi a bar shi ga noma, lambu, bishiyoyi ko filin ƙwallo. Kududdufai kuma a ƙidaya su cikin dukiyar gari. Kowane kududdufi rumbun ruwan sama ne, in aka cike shi da shara aka yi gini, ruwan da yake haɗiyewa zai nemi tsakar gidan wani. Birnin Kano ya rasa kududdufansa da yawa ta wannan hanya, kuma unguwannin da abin ya shafa suna ganin sakamakon duk damina.

Sai lissafin girma. A ɗauka garin yana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara. Mutum 3,000 za su zama kusan 4,030 cikin shekara 10, kuma su ninka cikin shekara 24 ko ƙasa da haka kaɗan. In gida ɗaya yana ɗaukar mutum 8, ƙarin mutum dubu da 'yan kai yana bukatar gida kusan 130. Fuloti mai mita 15 da 30, wanda ake kira hamsin da ɗari, murabba'in mita 450 ne. Gida 130 za su ci hekta 6 ba kaɗan. In aka haɗa da hanyoyi da filayen jama'a, hekta 9 ke nan. Wannan ne girman ƙasar da za ku tsara don shekara 10 masu zuwa. A zaɓe ta a kan tudu ko fako, ta gefen da ba ya cin fadama. Fuloti ana iya yinsa a ko'ina, fadama kuwa in an binne ta da gini ba a sake samun wata.

Kafin a yanka fuloti ko ɗaya, a fara fitar da rabon jama'a. Babbar hanyar da ta ratsa sabuwar unguwa ta kai mita 12 zuwa 15, ƙananan mita 9, lungu mafi ƙanƙanta kada ya gaza mita 6. Masu gona za su ce an yi ɓarna. A tuna musu hadisi ya zo cewa in an yi saɓani kan hanya a bar mata kamu bakwai, mita 3 da 'yan kai, a zamanin da raƙumi da kayansa ne mafi faɗin abin da ke wucewa. Yau hanya ɗaya za ta ɗauki kwata a gefe biyu, da falwayar lantarki, da motar taki, da makara ranar jana'iza. Maƙabarta a ba ta aƙalla hekta ɗaya, a ƙasan gari ta inda ruwa ke gangarawa, nesa da rijiyar sha da mita 250 in fili ya ba da dama. Makaranta a bar mata wurin faɗaɗawa da filin wasa. Rijiya da famfon burtsatse su kasance mita 30 ko fiye daga kowane masai, kuma ta saman gangare. Mahauta da juji a kai su gefen da iska ba ta fiye busowa zuwa cikin gari ba.

Tambayar da ke kashe yawancin tsare-tsare ita ce gonar wa za a ci. In aka ɗora makaranta a gonar mutum ɗaya, maƙwabcinsa ya sayar da tasa duka fulotai, an shuka gaba ta har abada. Hanyar da ta fi adalci ita ce a haɗa gonakin yankin duka kamar ƙasa ɗaya, a cire kashi 35 cikin 100 don hanyoyi da filayen jama'a, a yanka sauran, kowa ya karɓi fulotai gwargwadon girman gonarsa. Hekta 10 za ta ba da fuloti 144, mai hekta ɗaya ya sami 14. Da awon igiya zai iya matso 19 ko 20 daga wannan hektar, kuma ya san haka, don haka kada a ɓoye masa lissafin. Abin da za a nuna masa shi ne farashin fulotin da mota ke zuwa ƙofarsa, mai takardar ƙaramar hukuma, da farashin na ƙuryar lungu a garinku. A bar shi ya haɗa da kansa.

Daga nan safiyo ya kafa turaku, a liƙa taswirar a ƙofar dagaci, da masallacin Juma'a, da kasuwa, na tsawon wata ɗaya, a karanta ta da baki ga waɗanda ba sa karatu, a rubuta duk wani ƙorafi da amsar da aka ba shi, sannan a kai wa majalisa.

Tambaya: Ni arɗo ne. Burtalin da iyayenmu suka bi zuwa mashaya a da garke biyu suna giftawa a cikinsa. Yanzu wani wurin saniya ɗaya ce ke wucewa, dawa hagu da dama, in ta kai baki a ce mun yi ɓarna a ci mu tara. Wasu manoman ma sun nuna mana takarda. Ta yaya ake dawo da burtali?

Amsa: Arɗo, Allah ya ƙara haƙuri. Burtali ba a cinye shi rana ɗaya. Kowace damina mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, na hagu ya ƙara ɗaya. In kunya ta kai santimita 75, mita ɗaya da rabi ke tafiya duk shekara, cikin shekara 20 burtali mai mita 30 ya ɓace ba wanda zai ce ga ranar da ya ci shi. Abin da ya ba da wannan dama shi ne iyakar tana cikin kan dattawa kawai, babu turke, babu awo.

Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba da damar keɓe makiyaya, kuma an ware fiye da 400 a ƙasar nan, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Wanda ba a buga ba yana da wuyar karewa a kotu. Ƙananan burtalai na tsakanin ƙauye da mashaya kuwa yawancinsu ba su taɓa shiga wata takarda ba.

A fara da tara hujja. Tsofaffin manoma, ba makiyaya kaɗai ba, su faɗi inda iyaka take a gaban hakimi, a rubuta. A duba tsofaffin alamu: layin gamba ko jema, tsohuwar aduwa ko tsamiya da kowa ya san a bakin burtali take. Google Earth yana ajiye hotunan shekarun baya, a wurare da yawa ana ganin faɗin burtalin a da da yadda yake tsukewa. A nemi tsofaffin taswirori a sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukuma da ofishin babban safiyon jiha. Takardun da manoman suka nuna a karanta su da kyau: wa ya bayar, yaushe, kuma akwai awo a jiki? Sau da yawa takardar ciniki ce tsakanin mutum biyu wadda ba ta faɗi faɗin komai ba.

Kada a shiga gona mai amfani a tsaye da sunan buɗe burtali, ko da gaskiya tana hannunku. A yanke magana da rani, a sanar kafin sharar gona, kowa ya san inda zai tsaya da shuka. Faɗin da muke ba da shawara shi ne mita 30 ga na ƙauye zuwa mashaya, mita 50 ko fiye ga babban burtalin da baƙin garkuna ke bi. A kafa turken siminti kowace mita 100 a gefe biyu, da kowace kwana, a binne aƙalla santimita 60 a ƙasa da faffaɗan gindi don kada a tuge shi cikin dare. Burtali mai kilomita 5 zai ci turke ɗari da 'yan kai. Tsakanin turaku a dasa bini-da-zugu ko wani shingen da dabba ba ta ci. Lambobin kowane turke su shiga rajista, domin turke yana ɓacewa amma lambarsa tana mayar da shi gurbinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe burtali a manta da inda ya nufa. In bakin mashaya ya zama lambun albasa, an kai shanu ga faɗa ne kawai. A ware mashigar ruwa mai faɗi, da wurin da garke zai huta. A kuma kula da mahaɗar ƙananan hukumomi: burtalin da ya tsaya cak a kan iyaka saboda maƙwabta ba su yi nasu ba bai amfani kowa ba. Makiyayar ma a yi mata lissafi. Saniya mai kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kusan kilo 6 a rana, fiye da tan 2 a shekara, don haka ɗan filin hekta 20 wurin yada zango ne, ba zai riƙe garke shekara ba.

Jigawa tana da hukuma ta musamman ta manoma da makiyaya da ke bin irin wannan aiki. A ƙetaren iyaka kuma, Nijar ta kafa dokar karkara tun 1993, da kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda mai gari ke shugabanta, manoma da makiyaya da mata da matasa suna da wakilai. Su ne ke ba da takardar shaidar ciniki, kyauta, aro da jingina, kuma kowace shekara hukuma tana sanar da ranar sakin gonaki, wadda daga ita dabba ke da damar shiga kara. Wannan ranar sakin gonaki kowace ƙaramar hukuma a nan za ta iya ɗauka ba tare da ta kashe ko sisi ba.

Tambaya: Mijina ya rasu ya bar mana gona ni da yara biyar. An zo an kafa turaku a ciki, an ce ƙaramar hukuma za ta yi kasuwa. Ba wanda ya ba mu takarda. Akwai mangwaro guda shida da rijiya a gonar. Muna da wani haƙƙi, tunda ba mu da satifiket?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Kuna da haƙƙi. Wanda yake noma gonar karkara tun kafin 1978, da wanda ya gaje shi, doka ta ɗauke shi tamkar mai takardar gargajiya ko da bai taɓa riƙe takarda ba.

Gaskiya ne ƙaramar hukuma tana da ikon karɓar ƙasar karkara don amfanin jama'a, kuma kasuwa tana ciki. Amma sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa da ya ba ta wannan iko shi ne ya ɗora mata abu biyu. Na ɗaya, ta biya diyyar abin da aka raya a ƙasar: bishiyoyi, rijiya, shinge, gini, amfanin da ke tsaye. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, in gona ce ake nomawa, wajibi ne ta ba mai ita wata gonar a madadinta. In ta ƙi biyan diyya cikin lokacin da ya dace, gwamna yana da ikon sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya. Ƙasar kanta, tsurarta, doka ba ta yi mata kuɗi ba, shi ya sa musayar gona ta fi muku kuɗin hannu muhimmanci. Kada ki yarda a dunƙule su a ce an sallame ku.

Tun yau a ɗauki hoton kowace bishiya da rijiyar, a auna zurfinta, a rubuta ko ginanniya ce da siminti. Ranar ƙidaya ki kasance a wurin ke da wakilin magada, a ba ku kwafin abin da aka rubuta, kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a cike ba. Ki nemi sanarwa a rubuce mai faɗin dalilin karɓar gonar. Kotuna sun sha rushe ƙwacen ƙasa saboda ba a isar wa mai ita da sanarwa ba. In daga baya aka ga an yanka wurin ana raba wa mutane fulotai maimakon kasuwa, wannan ma abin kai wa kotu ne. Tunda akwai marayu, a sa kotun da ta raba gadon ko waliyyinsu cikin maganar, don rabon kowane yaro ya fito da sunansa. Gonar musaya kuma a je a taka ta kafin a karɓa, a ga ƙasarta da nisanta, a tabbatar ba ta da mai ita. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya tana da ofisoshi a jihohi, ga wanda ba shi da kuɗin lauya.

Tambaya: An yi mini tayin fuloti mai araha a ƙauyenmu. Yana kusa da babban titi, wayar lantarki ta bi ta gefensa, bayansa kuma akwai rafi da ba ya kawo ruwa sai damina. In saya?

Amsa: Malam, ka ɗauki tef ka je ka auna kafin ka ba da ko kafin alƙalami. In titin na tarayya ne, mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane gefe na gwamnati ne, kuma ranar faɗaɗa titi ginin da ke ciki rusau ne. In wayar babbar ce mai kilobolt 330, ana barin mita 25 kowane gefe. Mai 132 mita 15. Masu 33 da 11 da ke shiga ƙauyuka mita 5 da rabi. Rafin kuwa shi ya fi ba mu tsoro. Busasshen rafi yana yaudarar mai saye da rani. Ambaliyar 2022 a kwarin Haɗejiya da ta Mokwa a watan Mayun 2025 sun nuna abin da ruwa ke yi in ya tarar da gida a hanyarsa. Ka tambayi masu gonakin gefen inda ruwa ke kaiwa, ka duba ko gaɓar tana zaizayewa. In bayan ka cire waɗannan ukun abin da ya rage bai isa gida ba, ka san dalilin arahar.

Tambaya: Garinmu an taɓa tsara shi, har an ware filin asibiti. Da aka canza shugaban ƙaramar hukuma, sai taswirar ta ɓace, filin ya koma shaguna. Me zai hana a maimaita?

Amsa: Ɗan'uwa, tsarin da ke cikin durowar mutum ɗaya yana tafiya tare da shi. A sa majalisar kansiloli ta amince da taswirar a matsayin dokar ƙaramar hukuma, da sharaɗin cewa ba a sauya amfanin filin jama'a sai an liƙa sanarwa an saurari mutanen gari. A yi kwafi huɗu masu hatimi: na sakatariya, na fadar hakimi, na ofishin babban safiyon jiha, da na ƙungiyar ci gaban gari, a kuma ɗauki hotonsa ya shiga wayoyin mutane. Kowane filin jama'a a yi masa awonsa da takardarsa da sunan abin da aka ware shi dominsa. Sannan kada a bar shi fayau. A zagaye shi da darbejiya tun daminar farko, tazarar mita 4 tsakanin bishiya da bishiya, a kafa allo mai faɗin girman filin da lambar takardarsa, a ba makarantar gari ko matasa aron noma shi shekara-shekara da yarjejeniya a rubuce har ranar da kuɗin gini ya samu.